Zango na uku: ina so in yi wa 'yan aji huɗu darasin ruwa da zai ratsa fannoni, ina neman shawararku

Malamar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum malamai. Da fatan ana hutu lafiya. Akwai abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai, na ce bari in kawo shi nan kafin a koma makaranta.

Ni ke riƙe da aji huɗu a wata firamaren gwamnati cikin Kano, yara tamanin da 'yan kai. A zangon da ya wuce, ranar Litinin na koyar da lita da mililita a lissafi. Laraba muka yi hanyoyin samun ruwa a kimiyya. Alhamis malamin addini ya shigo ya yi musu ruwan da ake tsarki da shi. Ranar Juma'a na tambayi wata yarinya mai ƙoƙari sosai, lita nawa ne a jarkar da mai kura yake kawo musu gida. Ta tsaya tana kallona. Ta san lita ɗaya mililita 1000 ce, ta rubuta daidai a gwaji, amma bai taɓa faɗo mata a rai cewa litar da ke kan allo ita ce a cikin jarka ba. Wallahi abin ya tsaya mini.

To shi ne nake so in ware mako shida mu bi tambaya guda: daga ina ruwan da muke sha yake zuwa, nawa muke ƙararwa, kuma ta yaya za mu san mai kyau ne? Lissafi da kimiyya da Hausa da nazarin zamantakewa duk su zo su taimaka wajen amsa ta. Wanda ya taɓa gwada irin wannan don Allah ya faɗa mini inda ya yi tuntuɓe.

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya yi miki albarka da wannan tunani. Amma zan fara miki da abin da zai fara tare ki a bakin ƙofa. Ranar da jami'in sa ido ya zo daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ba zai tambaye ki wace tambaya yara ke bi ba. Sikim, wato tsarin darussan zango mako-mako, zai buɗe, ya buɗe dayarin da malami ke rubuta abin da ya koyar, ya duba mako na uku an ce a yi kaza, ya ga ko an yi. In bai gani ba, hedimastanki ne zai sha magana. Na yi shekara da shekaru a wannan kujera, na ga malamai masu himma da yawa da aka kashe wa gwiwa a nan. Kada ki fara da tambayar. Ki fara da sikim ɗin zango na uku na kowane fanni, ki shimfiɗa su a tabarma, ki ɗauki biro ki zagaye duk batun da ruwa zai iya ɗauka. Abin da ya rage ki koyar da shi yadda kika saba.

Malamar Aji Huɗu:
Baba na gode, kuma na karɓa. To amma in wani batu yana mako na tara ni kuma ina bukatarsa a mako na biyu fa?

Tsohon Hedimasta:
Ki je wurin hedimasta tun kafin a buɗe makaranta da takarda guda, ki nuna masa kin matsar da wannan nan, kin mai da wancan can, babu abin da ya faɗi ƙasa. Ya sa hannu. Takardar ta zauna cikin dayarinki. Mai duba aiki ba ya faɗa da sauyin da aka rubuta aka sa wa hannu, giɓi yake faɗa da shi.

Mai Alli:
Ni kam ku yi mini haƙuri, ban gamsu ba. Lissafi nake koyarwa aji biyar da shida, kuma ni nake karɓar yaran da suka fito daga hannunku. Yaro ya zo mini bai iya sau bakwai ba, bai iya raba lamba uku da ɗaya ba, sannan a ce an kwashe mako shida ana zagaya rijiyoyi? Lissafi tsani ne, ba a tsallake matakala. Jarrabawar shiga sakandare kuma ba ta tambayar yaro abin da ya gano a unguwarsu. Irin waɗannan tsare-tsare na makarantun kuɗi ne masu yara ashirin a aji da malamai biyu. Mu da ko benci bai ishe mu ba, mu riƙe abin da za mu iya.

Malama Mai Jan Biro:
Malam Mai Alli, ni a irin makarantar da kake nufi nake aiki a Abuja, kuma rabin maganarka gaskiya ce. Muna bin tsarin IB na firamare, wato manhajar ƙasa da ƙasa ta International Baccalaureate, wanda aka fara a 1997 don yara 'yan shekara 3 zuwa 12. Jigogi shida gare shi: su wane ne mu, ina muke a wuri da zamani, yadda muke bayyana kanmu, yadda duniya ke aiki, yadda muke tsara zamanmu, da yadda muke tarayya a doron ƙasa. Kowane bincike yana zaune ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu. Amma abin da mutane ba su sani ba, ko a wurinmu ba a tura dukan lissafi cikin binciken. Sau da rabawa da kason lamba suna da lokacinsu daban, kullum, da allo da maimaici. Abin da ke shiga binciken shi ne awo, da tattara alƙaluma, da zana su a jadawali, domin su ne ke da ma'ana idan akwai abin aunawa na gaske.

Haka ma Finland da ake yawan cewa wai sun soke fannoni. Ba su soke ba. Manhajar da suka fara aiki da ita a 2016 cewa ta yi kowace makaranta ta yi aƙalla aiki guda a shekara da ya haɗa fannoni. Sauran lokaci lissafi na nan, harshe na nan.

Shawarata ga Malamar Aji Huɗu ita ce ta rage buri. Tambayarki uku ce a dunƙule. Kuma kada ki tilasta wa kowane fanni shiga. Na taɓa ganin an yi bincike kan ruwa, aka sa yara rera waƙar Turanci mai ambaton ruwan sama aka ce an haɗa da kiɗa, aka sa su ƙirga hotunan bokiti aka ce an haɗa da lissafi. Wannan ado ne kawai. Gwajin da nake yi shi ne: in na cire wannan fanni, yara za su kasa amsa tambayar? In za su iya ba tare da shi ba, to ya koma sa'arsa.

Mai Alli:
To in dai sau da rabawa na nan kullum, rabin damuwata ta tafi. Sauran rabin ita ce, wane lissafi na gaske za a samu a ciki? Ba na son a auna bokiti biyu a tafa a tashi.

Malamin Kimiyya:
Bari in ba ka guda ɗaya, Malam, ka gani ko ya isa. Zango na uku a Kano yana kamawa daidai shigowar damina. A samu robar ruwa babba mai miƙaƙƙen jiki, a yanke samanta a kifa shi ciki ya zama mazurari. Gindinta ba a daidaice yake ba, don haka a zuba tsakuwa da ruwa har ya rufe su, a ja layi a nan a ce shi ne sifiri, a ɗaure rula a jiki. A kafa ta a fili nesa da bango da bishiya. Kowace safiya a lokaci guda yara biyu su je su karanta milimita nawa aka samu, su rubuta a takardar da ke manne a bangon aji, su zubar su mai da ruwan kan layin sifiri.

Ga inda daɗin yake. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce cif. To yara su auna ajinsu. A ce tsawon rufin mita 9 ne, faɗi mita 7, murabba'in mita 63 ke nan. In daren jiya an yi ruwa milimita 20, lita 1,260 ta zubo daga wannan kwano ta bi indararo ta tafi kwata. A raba da jarka mai lita 25, ya ba ka jarka 50 da ɗan saura. Sai su tambayo nawa ake sayar da jarka a unguwarsu a ranar, su buga. Ka ga faɗin fili, ka ga sau, ka ga rabawa mai saura, ka ga kuɗi. Na yi wannan da 'yan aji biyar bara. Wani yaro da ko hannu ba ya ɗagawa ya biyo ni har bakin ofis yana tambaya, to rufin masallacin Juma'a fa, jarka nawa zai ba da?

Mai Alli:
Wannan lissafi ne, ban musa ba. Amma faɗin fili sai an koyar da shi da kyau kafin ranar, da murabba'ai a zane a ƙasa, ba a jefo musu 9 sau 7 daga sama ba.

Malamar Islamiyya:
Salamu alaikum. Ni inda aka ambaci ruwan tsarki ne ya ja ni. Yawancin yaran nan da yamma suna wurinmu, kuma sun ji cewa ruwan da ake alwala da shi shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai jirkita da wani abu da ba nasa ba. Siffofi uku ne da ido da harshe da hanci suke ganewa. Ga kuma malamin kimiyya zai zo ya ce musu ruwa yana iya zama garau, babu wari, amma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. In ba a zauna an warware musu ba, wani yaron zai ɗauka malamai biyu ne ke saɓani. Alhali tambaya biyu ce daban: ya halatta in yi tsarki da shi, da kuma zai cutar da ni in na sha. Ina ganin wannan zama ɗaya kawai, malamin addini da malamar aji a gaban yara tare, ya fi mako guda na kwafar rubutu.

Sannan ga awo. Ya tabbata a hadisi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, kuma mudun bai kai lita ɗaya ba. Kowane yaro ya auna ruwan butarsa kafin alwala da bayanta, ya cire, ya kawo lambar. A jera lambobin a allo daga ƙarami zuwa babba. Ba sai an yi musu dogon wa'azi kan almubazzaranci ba, da idonsu za su gani.

Malamar Aji Huɗu:
Allah ya saka da alheri, Malama. Wannan bai taɓa zuwa mini ba. Zan sami malamin addininmu tun kafin a koma.

Mushe na Maraɗi:
Gaisuwa gare ku daga wannan ɓangare. Mu nan lakwal tana buɗewa cikin Oktoba ta rufe cikin Yuni, damina kusan duk cikin babban hutu take faɗawa, don haka ma'aunin ruwan sama ba ya yi muna aiki. Abin da munka yi da 'yan CE2, wato aji huɗu a wajenku, shi ne rijiya. Kowane wata a ɗauko igiyar guga a ga inda ta jiƙe, a auna tsawon busasshen. Tsofaffi da gaba suke faɗin zurfin rijiya, sai yara sunka auna gabar malam da ta ɗan aji, sunka ga ba ɗaya ba ne, daga nan sunka fahimci dalilin da ya sa aka yi mita. Daga Nuwamba zuwa Mayu igiya sai ƙara tsawo take, kuma su da kansu sunka fara tambayar ina ruwan ya tafi.

Abu na biyu, taswira. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina ya taso, ya ratsa wajenmu, ya koma Najeriya ya haɗu da Rima. Yaro in ya bi shi da yatsa, sai ya ga ruwa bai san iyaka ba. Ku ma a Kano kuna da irin wannan.

Malamin Kimiyya:
Muna da shi. Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako yana kan kogin Kano, na Challawa kuma an gama shi a 1992. Kogunan biyu suna haɗuwa su zama kogin Haɗejia, ya bi ta dausayin Haɗejia da Nguru, ya shiga Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. Matatar ruwa ta Tamburawa daga kogin Kano take ɗiba. Wato mai noman shinkafa a Kura, da mai kamun kifi a Nguru, da mai buɗe famfo a Kano duk ruwa ɗaya suke rabo. Wannan kaɗai ya ishi nazarin zamantakewa mako guda.

Ɗalibin Koyon Malanta:
Malamaina ku yi mini afuwa in sa baki, ina shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi. An karantar da mu cewa binciken gaskiya shi ne wanda yara suka kawo tambayar da kansu. In malama ta riga ta tsara mako shida da duk abin da za a yi, ina binciken yake? Ba dai darasin da aka saba ba ne aka sauya masa riga?

Malama Mai Jan Biro:
Tambaya mai kyau, ƙanena. Malami shi ke zaɓar fagen da manufar, domin shi ya san manhaja. Amma ya bar ƙofa a buɗe. Makon farko kada a koyar da komai tukuna. A kawo kwalabe huɗu: ruwan rijiya, na burtsatse, na leda, na kududdufi, ba tare da suna a jiki ba. A jera su a tebur a ce, me kuke son sani? Duk abin da suka faɗa a rubuta a babbar takarda ta zauna a bango. Za ka ga mafi yawan tambayoyinsu sun faɗa cikin abin da ka riga ka tsara. Biyu ko uku za su zo daga inda ba ka zata ba, su ne za ka ware wa mako na biyar. In ka cika makonni shida maƙil tun farko, to ka rufe ƙofar.

Tsohon Hedimasta:
Da yara tamanin sai an yi rukuni, kuma rukunin ya bi unguwa, ba ƙoƙari ba. 'Yan layi ɗaya su zama tare, su zana taswirar layinsu da rijiyoyi da burtsatse da kwatoci da inda ake zubar da shara. Fita da aji duka waje guda kada ki yi. Abin da za a gano a unguwa, a ba su ya zama aikin gida, su tambayi iyaye da kakanni. Kuma gargaɗi mai ƙarfi: babu yaron da za a aika bakin rijiya ko kududdufi shi kaɗai da sunan aikin makaranta. Ki rubuta wa iyaye wannan da Hausa ƙarara.

Ma'aikaciyar Lafiya:
Ni ba malama ba ce, 'yata ce ke aji huɗu shi ya sa aka sa ni a zauren. Maganar taswira ta tuna mini da abin da aka koya mana. A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa a Landan, wani likita John Snow ya sa alama a taswira kan gidajen da aka yi rashi, sai ga su sun taru kewaye da famfon titin Broad. Aka cire hannun famfon. Yaran aji huɗu za su gane wannan labari sarai in taswirar layinsu na gabansu.

Kuma su tambayi kakanninsu kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga sama da mutum 650,000 da ke da ita a Najeriya, ga shi a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da ita, kuma tace ruwa da ƙyalle na cikin manyan abubuwan da suka kawo hakan. Akwai tsofaffi masu tabon a ƙafa har yau.

Roƙona biyu. In za ku gwada garin ƙwallon zogale ko alam a ruwa mai laka, za ku ga ya kwanta ya yi garau, amma ku nanata musu cewa kwanciyar laka ba mutuwar ƙwayar cuta ba ce, sai an tafasa ko an sa sinadarin kashe ta. Kada kowa ya kurɓi ruwan gwaji. Na biyu, ku koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ga litar da Malama ke nema ta shigo gida.

Malamin Hausa:
Kun kusa cinye filin ba ku bar mana ba. Ni ba zan tsaya ga jera karin magana kawai ba, ko da yake "da ruwan ciki ake jan na rijiya" sai yaro ya san guga kafin ya gane ta. Abin da nake so shi ne rubutu na gaske. Yaro ya zauna da kakarsa ya tambaye ta inda suke ɗebo ruwa tana yarinya, ya rubuta abin da ta ce da kalmominta: tulu, gammo, moɗa, randa. Sannan a karanta musu labarin rijiyar Kusugu ta Daura da macijin da ya hana ɗiba sai ranar Juma'a, a tambaye su, yau me ke hana mutane ruwa a layinku? Daga ƙarshe kowane rukuni ya rubuta wasiƙa ga mai unguwa da abin da ya gano. Wasiƙar da za a kai wa mutum na gaske, yaro yakan kula da ƙa'idar rubutunta fiye da wadda za ta mutu cikin littafi.

Malamin Kimiyya:
Tun da an ambaci randa: a cika randa da bokitin roba da ruwa ɗaya da safe, a ajiye su inuwa ɗaya, a taɓa da azahar. Randa na tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska na busar da shi, zafin na tafiya tare da shi. Da wannan hikima Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex. Kada dai a aro ma'aunin zafi na asibiti, shi daga wajen digiri 35 yake farawa, ruwan randa kuwa yana ƙasa da haka.

Mai Alli:
Har yanzu ina da tambaya ɗaya, kuma ita ce babba. Wa zai ba da maki, kuma a kan me? In rukuni ya kawo taswira mai kyau, yara uku ne suka yi, bakwai sun raka su.

Malamar Aji Huɗu:
Malam, wannan ta hana ni barci jiya. Ga abin da na tsayar. Aikin rukuni ba zai ɗauki makin kowa ba. Kowane yaro zai riƙe littafi guda na binciken, awonsa da lissafinsa da hirarsa da kakarsa duk a ciki, shi zan duba, layi biyu na aji kowace rana. Ranar Juma'a kuma gajeren gwaji na kowa da kowa, da lambobin da suka tara a makon, makin ya shiga fanninsa a rajista yadda aka saba. Sau da rabawa suna nan kowace safiya ba fashi. Turanci da motsa jiki na bar su a sa'o'insu.

Tambayar ma na rage ta kamar yadda Malama Mai Jan Biro ta ce. Na riƙe nawa muke ƙararwa da yadda za mu san mai kyau. Maganar Tiga da koguna za ta zo mako na huɗu, darasi biyu. Mako na biyar na bar shi fayau.

Malam Mai Alli, ina roƙon alfarma. Faɗin fili ba ƙarfina ba ne. In na turo maka shirin darasin, za ka duba mini kafin in shiga da shi?

Mai Alli:
Turo, Malama. Ki fara da tabarma da kwali mai mita ɗaya kowane gefe, su ga kwali nawa zai rufe daɓen aji kafin a je ga rufi. Kuma ki auna rufin daga ƙasa, inda ruwan indararo ke sauka gefe da gefe, ba tsawon kwanon a karkace ba. In kin tara awon ruwan saman na mako shida, ki ajiye mini takardar, zan yi amfani da ita da su a aji biyar.